Faɗin Ciki da Ƙarfin Ƙafa: Nawa Ƙaramar Motar Kaya Ke Iya Ɗauka?

A tashoshin mota da kasuwanninmu, ma'aunin lodi guda ɗaya ne, shi ne ido. Muddin akwai sauran fili a cikin mota, to ba ta cika ba. Idan ciki ya cika a ɗaga ƙofar baya a ɗaure da igiya, idan nan ma ya cika a hau rufi. Da ido mai kaya yake ciniki, da ido ɗan kamasho yake yanka kuɗi, jami'in da ke tsaye a kan hanya ma da ido yake yanke hukunci. Kamfanin da ya ƙera motar kuwa da kilo ya auna ta, ya kuma rubuta adadin a jikinta, a wurin da direba ke giftawa sau goma a yini ba tare da ya duba ba. Wannan saɓani tsakanin ido da sikeli shi nake so mu tattauna a wannan mako, domin yana cin dukiya, yana kuma cin rayuka.

Motocin da nake nufi su ne waɗanda suka fi motar gida girma amma ba su kai Kanta ko roka ba: Toyota HiAce iri-iri, har da wadda ake wa laƙabi da Homa, da Peugeot J5 da magajiyarta Boxer, da Ford Transit, da Sprinter ta kamfanin Mercedes, sai kuma 'yan ƙananan Suzuki da Daihatsu masu kurɗawa lungu. Dukansu tsofaffin zuri'a ne. An fara ƙera Transit a 1965, HiAce a 1967, J5 a 1981, Sprinter kuma a 1995. A Turai, inda da yawa daga cikin na hannu da muke saye suka fito, doka ta ware wa irin waɗannan motoci aji na musamman, wato motar kaya wadda nauyinta gaba ɗaya bai wuce kilo 3,500 ba. A daidai wannan adadi lasisin tuƙin motar gida ya tsaya. Wanda zai tuƙa abin da ya fi haka sai ya nemi wani lasisi, ya kuma shiga ƙarƙashin dokokin manyan motoci. Saboda haka kamfanoni suke ƙera mafi yawan motocin nan su tsaya a kan wannan iyaka ko ƙasa da ita.

A nan ne ruɗanin farko yake shigowa. Sau da yawa nakan ji ana cewa mota kaza “tan uku da rabi take ɗauka”. Kilo 3,500 ɗin nan ya haɗa da ita kanta motar, da injinta, da man da ke tankinta, da direba, da yaron mota, da safayar taya, da jak, da duk wani ƙarfe da mai walda ya ƙara mata. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan shi ne kayan da aka yarda ta ɗauka. A mafi yawan motocin wannan aji, ragowar takan faɗa tsakanin kilo 1,000 da 1,500. Idan muka ɗauki kilo 1,200 a matsayin misali, buhun siminti 24 ke nan, ko buhun masara mai kilo 100 guda 12, ko jakar fiyawota 120. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Dawanau ko kasuwar Singa yana kallon lodi ya san nisan da ke tsakanin wannan lissafi da abin da ake yi.

Ruɗani na biyu ya fi na farko zurfi, domin yana da alaƙa da siffar motar. Kamfani yakan ƙera inji da ƙafafu iri ɗaya, sannan ya ɗora musu bodi iri-iri. Akwai rufaffiya wadda ba ta da taga a baya, ta kaya zalla. Akwai mai tagogi da kujeru ta fasinja. Akwai mai layin kujeru biyu a gaba da wurin kaya a baya, domin ma'aikata da kayan aikinsu. Akwai kuma wadda ake sayarwa kai da shasi kawai, mai saye ya kai ta a ɗora mata abin da yake so: buɗaɗɗen baya irin na akori-kura, ko tifa, ko babban akwati, ko ɗakin sanyi na kifi da magani. Ita rufaffiyar ma tsawonta da tsayinta sun bambanta, shi ya sa ake ganin alamomi irin L1H1 ko L3H2 ko L4H3 a takardun motocin Turai. Harafin farko tsawo yake nufi, na biyu kuma tsayin rufi. A dangin Boxer da tagwayenta Fiat Ducato, cikin mafi ƙanƙanta kubik mita 8 ne, na mafi girma 17. Kubik mita ɗaya shi ne cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne mita ɗaya ne.

To, mai saye idan ya ga doguwa mai dogon rufi a gefen gajera, hankalinsa zai ba shi cewa doguwar ta fi ɗaukar nauyi. Lissafi akasin haka ya nuna. Idan duka biyun iyakarsu kilo 3,500 ce, doguwar ta riga ta cinye wani ɓangare na rabonta da ƙarfen jikinta. A ce gajerar babu kaya kilo 2,100 ce, doguwar kuma 2,400. Gajerar tana da sauran kilo 1,400, doguwar 1,100 kacal. Wadda cikinta ya ninka na 'yar'uwarta ita ce mai ƙarancin ƙarfin ɗauka. Haka abin yake ga mai ɗakin sanyi, wadda injin sanyaya da kaurin bango suka rage mata rabo, da mai tifa wadda na'urar ɗaga baya ta yi wa nauyi.

Me ya sa ake ƙera doguwar ke nan? Saboda kaya ba su zama ɗaya ba. Akwai kayan da ke cika fili ba su da nauyi, kamar katifa, da burodi, da robobi, da kwalayen biskit, da fakitin saƙonni, waɗanda su ne babban aikin waɗannan motoci a ƙasashen da aka ƙera su. Akwai kuma kayan da nauyinsu ke cika tun fili bai ji an taɓa shi ba. Buhun siminti 24 da na ambata ba su cika kubik mita ɗaya ba. Wato a motar da cikinta ya kai kubik mita 12, nauyi ya ƙare alhali sama da kashi 90 cikin 100 na filin yana nan wayam. Ruwa kubik mita ɗaya kilo 1,000 ne cif, manja da man gyaɗa kuma ba su yi nisa da haka ba. Hatsi, da taki, da tayil, da rodi, da gishiri duk dangin nan ne. Mu kuwa irin waɗannan kaya masu nauyi su muka fi jigila, a cikin motocin da aka tsara domin kwalaye. Direban da ya ɗora buhu 24 ya ce ya cika, mai kaya zai leƙa ya ga fili ya ɗauka wasa yake yi.

Sunayen motocin ma suna ɗauke da lambobin da ya kamata a iya karantawa. Tsohuwar Volkswagen LT tana da 28 da 35 da 46, ma'ana tan 2.8 da 3.5 da 4.6, nauyin mota da kayanta a haɗe. Transit mai lamba 350 ma tan 3.5 ce a haɗe. A Sprinter mai lamba 313, ukun farko ajin nauyi ne, 13 kuma ƙarfin inji, kimanin doki 130. Amma a tsohuwar Ducato, tagwayen J5 da aka ƙera su a masana'anta ɗaya a Italiya, lambobin 10 da 14 da 18 kayan da za a ɗora suke nufi, wato kusan tan 1 da 1.4 da 1.8. Wanda ya ɗauki lambar wancan gida ya fassara ta da ƙa'idar wannan gida zai ninka lodi yana zaton yana kan daidai.

Hanyar da ba ta da ruɗani ita ce a nemi ɗan allon ƙarfe ko takardar da kamfani ya manna a jikin ginshiƙin ƙofa, ko a cikin ɗakin inji, ko kusa da kujerar direba. A motocin Turai lambobi huɗu ne a jere. Ta farko iyakar nauyin mota da duk abin da ke cikinta. Ta biyu iyakar nauyi idan tana jan wani keke a baya, wadda ba ta shafi mai lodi a ciki ba, kuma ita ce babbar lambar da ke yaudarar mutane. Ta uku abin da ƙafafun gaba za su ɗauka, ta huɗu na ƙafafun baya. Motocin kaya da suka fito daga Japan su kuma a bayansu ake rubuta iyakar kaya, shi ya sa za ka ga wani rubutun Japananci da 350kg ko 1000kg ko 1250kg a gefensa. Mun sha ganinsa a go-sulo, muna ɗaukarsa ado.

Lambobi biyu na ƙarshe sun cancanci a tsaya a kansu, domin mota tana iya zama ba ta wuce iyakar nauyinta gaba ɗaya ba amma ta wuce ta ƙafafun baya. Duk kayan da aka ɗora a bayan tayoyin baya, musamman idan an buɗe ƙofa an ƙara katako ya zarce waje, aikin lilo yake yi: yana danna baya, yana ɗaga gaba. A ce tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 3 ce, aka ɗora kilo 300 a mita ɗaya bayan tayoyin baya. Ƙafafun baya za su ji kilo 400, na gaba kuma za a sauke musu kilo 100. Tayoyin gaba su ne masu karkata mota, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. A J5 da Boxer har jan motar ma su ke yi, domin injinsu gaba yake ja. Direban da ya ce sitiyari ya yi masa sakayau bayan lodi, tayoyinsa na gaba ne suka rage riƙon kwalta.

Maganin da aka saba yi shi ne a kai mota gareji a ƙara mata sifirin. Ba na raina basirar makanikanmu, waɗanda ke raya motar da ƙasarta ta asali ta yi wa jana'iza shekara ashirin da suka wuce. Amma ƙarin sifirin abu ɗaya yake gyarawa, shi ne kada bayan mota ya zauna. Bai ƙara wa birki faɗi ba, bai canza boris ɗin ƙafa ba, bai ƙara wa shasi kauri ba, bai kuma taɓa taya ba. Hasali ma ya ɓoye alamar da ido ke iya gani. Fatake da madugai na dā suna da sa'a a wannan fanni, domin jaki idan mangala ta fi ƙarfinsa durƙushewa yake tun a zango, kowa ya gani a rage masa. Motar da aka ƙara wa sifirin tsaye take ƙyam a tasha, sai an yi nisa ana gudu take faɗin abin da ke ranta.

Taya ita ma tana da nata lissafi a rubuce a gefenta. Tayar da aka yi domin irin waɗannan motoci tana da harafin C bayan girmanta, misali 195R15C, sannan lambobi kamar 106/104. Lamba 106 tana nufin kilo 950 a kan taya ɗaya, idan iskar ta cika yadda aka tsara. Tayar motar gida mai inci 15, wadda za ta shiga wannan rim ɗin lafiya lau, sau da yawa lambarta 91 ce, wato kilo 615. Tayoyin baya biyu na farko za su ɗauki kilo 1,900, na biyu kuma 1,230. Bambancin kilo 670 ke nan, kusan buhun masara bakwai, a kan abin da ido ba zai bambance ba daga nesa. Taya mai nauyi fiye da kima tana lanƙwasa da yawa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin ya haɗu da na kwaltar watan Afrilu da tsakar rana. Idan kuma tayar gwanjo ce da ta riga ta tsufa, wadda lambobi huɗu na mako da shekarar ƙera ta suke nan a jiki ga mai son dubawa, to fashewa ba abin mamaki ba ce. Birki kuwa aikinsa mayar da gudu zuwa zafi. Motar da aka tsara wa kilo 3,500 aka kai ta 5,000, kowane tsayawa zafin da birkinta zai sha ya ƙaru da sama da kashi 40 cikin 100. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ana iya sha. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, inda ƙafa ba ta sauka daga birki, zafin taruwa yake har birkin ya daina kamawa.

Abin da ya fi damuna a cikin duk wannan shi ne mayar da motar kaya ta fasinja. Sananne ne cewa rufaffiyar mota ta fi araha a kasuwar motocin hannu. Sai a sayo ta, a yanka mata tagogi, a jera bencina a ɗaure da noti a jikin falen daɓe, a yi fenti, ta shiga layi. Daga waje ba ta da bambanci da wadda kamfani ya yi domin mutane. Bambancin yana ƙarƙashi. Ta fasinja an ƙarfafa daɓenta a wuraren da kujeru da bel suke kamawa, domin idan aka yi karo kujera ta tsaya a inda take. A wadda aka sauya, benci da mutanen da ke kansa sukan tsinke su taru a gaba. Yankan taga ba bisa tsari ba kuma yana iya raunana ginshiƙan da ke riƙe rufi idan mota ta kife. Afirka ta Kudu ta sha fama da wannan. A can HiAce sunanta Quantum, an kuma yi shekaru ana mayar da rufaffun na kaya motocin haya, har ofishin da ke karɓar koken jama'a na ƙasar ya fitar da rahoto a 2019 yana ɗora wa hukumomin sufuri laifin barin su a hanya.

Ko wadda aka yi domin fasinja tana da iyaka. Babbar HiAce samfurin 2004, wato Homa, kujeru 14 kamfanin ke sa mata a Japan, 16 a Afirka ta Kudu. Idan aka zuba mutum 18, aka ɗauka kowanne kilo 65 ne, an sami kilo 1,170 tun ba a ɗora jaka ko buhu ɗaya ba. Mutane kuma a zaune suke, nauyinsu ya fi na buhun da ke kwance a daɓe tsayi, abin da ke kan rufi ya fi kowa. Duk sa'ad da nauyi ya yi sama, mota ta fi saurin kifewa a kwana ko wajen kauce wa rami. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta yi gargaɗi a 2001 cewa motocin fasinja masu kujeru 15, idan suna ɗauke da mutum 10 ko fiye, yawan kifewarsu a haɗarin da bai haɗa da wata mota ba ya kusa ninka na masu ƙaramin lodi sau uku. Wannan fa a kan hanyoyinsu ne, babu kuma buhu a rufi. 'Yan ƙananan Suzuki da Daihatsu kuwa, dokar Japan ta ƙayyade ajinsu: tsawo mita 3.4, inji mai cc 660, mutum huɗu, kaya kilo 350. Mutum bakwai da direba sun haura kilo 500.

Zalunci ne a ɗora wa direba laifin shi kaɗai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lissafinsa ya ƙara tsuke. Akwai balas na mai mota, da kuɗin tasha, da abin da ake ajiyewa a shingaye, da kayan gyara da ake sayowa da dala. Da kai ake biyansa, da buhu ake biyansa, saboda haka kowane ƙarin buhu riba ce da yake gani yau, lalacewar giya da boris da taya kuma asara ce ta wata uku masu zuwa, wadda wataƙila ma mai mota ce za ta samu. Mu fasinjoji ma da hannunmu a ciki, domin mu ne ke zuwa da buhu uku mu ce ai ɗan kaya ne. Sauya mota zuwa iskar gas, wanda alheri ne ta fuskar kuɗin mai, shi ma yana da nasa haƙƙi a wannan lissafi, domin tukunyar gas ƙarfe ce mai nauyi kuma daga rabon kaya ake cire ta. Turawa da suka fuskanci irin wannan a motocin lantarki, inda batir ke cinye rabon kaya, sai da Tarayyar Turai ta gyara doka a 2018 ta ba ƙasashenta damar ƙyale mai lasisin motar gida ya tuƙa irinsu har kilo 4,250. Ba su ce a yi ta maneji ba.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe da sanya lodin wuce kima cikin laifuffukan hanya. Sai dai laifin da ake aunawa da ido yana barin ƙofar gardama da ciniki a buɗe, kuma motar katifa mai tsayin lodi ita ake tarewa, ta siminti da ƙofarta ke rufe ta wuce. Maganar sikelin hanya a ƙasar nan da maƙwabta a kan tireloli da tankoki ta tsaya, saboda su ke fasa kwalta. Ƙananan motoci ba su fasa kwalta sosai, amma su ne ke ɗauke da mutane. Akwai sikeli na tafi-da-gidanka, faranti biyu da ake ajiyewa a ƙasa mota ta taka, a karanta nauyin gaba sannan na baya cikin minti biyu. A ganina wurin da ya dace da shi shi ne ƙofar fita daga tasha da manyan kasuwannin hatsi da kayan gwari, a hannun ƙungiyar direbobi, domin a nan ne ake iya sauke buhu a ba wata mota, ba a tsakiyar daji ba. Ofisoshin duba lafiyar mota kuma, lokacin rajista, suna iya karanta allon nan su sa a rubuta adadin da manyan baƙaƙe a gefen mota, da Hausa: kaya kilo kaza, mutum kaza. Motar da aka shigo da ita a matsayin ta kaya kuwa kada a ba ta lambar haya ta fasinja sai an duba yadda aka ɗaure kujerunta.

Ga ɗan kasuwa ko ƙungiya ko makarantar da ke shirin sayen irin wannan mota, tambayar farko ita ce me za a riƙa ɗauka. Mai burodi da mai katifa su nemi doguwa mai dogon rufi. Mai hatsi da taki da siminti ya nemi gajera mai ƙaramin rufi ko buɗaɗɗen baya, idan kuma kayansa kullum suna haura tan ɗaya da rabi, to ya ƙara kuɗi ya sayi mai tagwayen tayoyi a baya ko Kanta, domin ya fita daga wannan aji baki ɗaya. Mai ɗaukar ɗalibai ya leƙa ƙarƙashin mota ya ga abin da notin kujeru ya kama. Kafin a biya kuɗi a buɗe ƙofar direba a kwafi lambar farko, a kai motar babu kaya kan sikelin wata masana'anta ko kasuwa da cikakken tanki da direba a ciki, a debe wannan daga waccan, a raba abin da ya rage da 50 ko 100 gwargwadon buhun da ake harka da shi.